Darasi: Bilaza a Lokacin da Ta Lafa

A tsakiyar watan Oktoba, wajen ƙarfe tara na dare, duk wanda ya tsaya a tsakar gidansa a Gatawa ya fuskanci kudu zai ga wani tauraro mai haske yana zaune shi kaɗai, kusan rabin tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakar ka. Larabawa suna kiran sa Famul Hut. Ku miƙe hannu sosai, ku dunƙule shi, ku auna dunƙule ɗaya da ɗan ƙari daga wannan tauraro zuwa hannun dama, wato yamma. Ido ba zai nuna muku wani abin kirki a wurin ba. Amma a daidai nan akwai wani abu da masana taurari suka yi shekaru da dama suna gadinsa, sunansa PKS 2155-304. Haruffan uku suna nufin kundin tashar Parkes ta ƙasar Ostareliya, lambobin kuma adireshinsa ne a sararin sama. Dushewarsa ta ninka ta tauraro mafi dushewa da ido ke iya gani sau ɗaruruwa, kuma hasken da ke isowa daga gare shi a daren nan ya yi shekara kusan biliyan ɗaya da rabi a kan hanya. Irin wannan abu ake kira bilaza.

A wannan darasi za mu ga mene ne bilaza, da dalilin da ya sa na'ura ɗaya ba ta isa a dube ta da ita, sannan mu daɗe a kan abin da ya fi muhimmanci: me ya sa masana ke kashe kuɗi da lokaci suna kallon ta a ranakun da ta yi shiru.

Mene ne bilaza

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan yakan ɗauki minti takwas da 'yan daƙiƙu. Ranarmu ɗaya ce daga cikin biliyoyin taurari da ke haɗe a gungu guda, kuma wannan farin zanen da kuke gani ya ratsa sama a daren da babu wata, gefen gungun namu ne. Akwai wasu gungunan bila adadin. Tun a shekarar 964 malamin taurari Abdurrahman as-Sufi ya rubuta labarin ɗaya daga cikinsu, ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin gajimare, shi ne wanda ake kira Andiromeda a yau.

A cibiyar kusan kowane babban gungu akwai baƙin rami, wato wurin da nauyi ya taru ya matse har haske ma ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Nauyin waɗannan ramuka yakan kai na rana miliyoyi, wasu biliyoyi. Yawancinsu a kwance suke. Amma idan iskar gas da ƙura suka yi ta gangarowa zuwa ga ramin, sai su riƙa kewaya shi suna gogar juna, su yi zafi, su yi hasken da kan fi na dukkan taurarin gungun. A wasu daga cikin irin waɗannan, wani kaso na abin da ya gangaro ba ya faɗawa ciki. Ƙarfin maganaɗisu yakan tattara shi ya harba shi waje ta fuska biyu, siririn feshi mai gudun da ya haura kashi 99 cikin 100 na gudun haske. Heber Curtis ne ya fara lura da irin wannan feshi a 1918, a gungun M87, wanda aka nuna wa duniya hoton baƙin raminsa a watan Afrilun 2019.

Feshin yana iya fuskantar ko'ina. Idan aka yi dace ya fuskanto mu kusan kai-tsaye, shi ke nan an sami bilaza. Abin da ke gudu kusa da gudun haske yakan tattara haskensa ya zuba shi gaba, saboda haka wanda ke tsaye a bakin hanyar feshin zai ga hasken ya ninka sau ɗaruruwa ko dubbai, kuma duk wani canji da ya faru a ciki zai gan shi da sauri fiye da yadda ya faru. Shi ya sa bilaza ba ta da zama ɗaya. Yau ta dushe, jibi ta ɓarke.

Wannan rashin zama ne ya ruɗi na farko. A 1929 wani Bajamushe, Cuno Hoffmeister, ya ga wani ɗigon haske mai canzawa, ya ɗauka tauraro ne na cikin gungunmu, aka sa masa suna BL Lacertae. Sai a 1968 aka gano yana fitar da igiyar rediyo mai ƙarfi, a 1974 kuma aka auna nisansa aka tarar ya kai tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 900. Edward Spiegel ne ya ƙirƙiri sunan bilaza a 1978. Zuwa yanzu an lissafa dubbai.

Haske iri-iri ne

Duk mai sauraren rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango, ya san a ce tasha tana kan mita 49 ko mita 31 ko mita 19. Waɗannan mitoci tsawon igiyar da ke ɗauko muryar ne. Igiyar tashoshin FM ba ta wuce kamar mita 3 ba. To, igiyar rediyo da hasken da ido ke gani abu ɗaya ne, gudunsu ma ɗaya, tsawon zango ne kawai ya raba su. Zangon hasken ido bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Idan zangon ya ɗan fi na launin ja tsawo, ido ba ya gani, amma fata tana ji a matsayin ɗumi; William Herschel ya gano wannan a 1800 da ma'aunin zafi. Idan zangon ya gajarce sosai, a sami hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Gaba da shi sai hasken gamma, mafi gajarta kuma mafi ƙarfi. Ƙwaya ɗaya ta gamma mai tsananin ƙarfi tana ɗauke da ƙarfin ƙwayoyin hasken ido biliyoyi.

Kuna iya tabbatar wa kanku cewa akwai hasken da ido ba ya gani. Ku ɗauko rimot na talabijin ko na dish, ku kalli ɗan ƙwan da ke bakinsa ku danna maɓalli. Ba abin da za ku gani. Yanzu ku buɗe kyamarar waya, ku saita ta a bakin rimot ɗin ku sake dannawa. A yawancin wayoyi za ku ga ƙwan yana walƙiya fari-fari da ɗan shuɗi. In kyamarar baya ba ta nuna ba, ku gwada ta gaba.

Tauraro irin ranarmu yana zuba yawancin haskensa a zangon da ido ke gani da maƙwabtansa. Bilaza kuwa tana haskawa tun daga rediyo har gamma. Idan aka auna ƙarfinta a kowane zango aka zana a takarda, sai a ga tudu biyu. Na farko yana tashi daga rediyo ya kai ƙololuwa a wajen hasken ido ko eksire, kuma an san asalinsa: ƙananan ƙwayoyin lantarki ne da ake kira ilektiron, suna murɗawa a cikin maganaɗisun feshin, suna zubar da haske. Tudu na biyu yana cikin gamma, kuma a kansa ake gardama. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne waɗannan ilektiron ɗin dai su ne ke karo da hasken da suka haifar, su ƙara masa ƙarfi har ya koma gamma. Wasu masana suna ganin akwai hannun ƙwayoyi masu nauyi da ake kira furoton. Ku riƙe wannan a zuciya: in ilektiron iri ɗaya ne, a wuri ɗaya, ke haifar da tudun biyu, to ya kamata su riƙa hawa tare su sauka tare. Wannan abu ne da za a iya aunawa, amma sai an kalli tudun biyu a lokaci guda.

Nan aikin ya yi wuya. Rediyo da hasken ido suna ratsa iska su iso ƙasa. Eksire ba ya ratsawa, sai an harba na'ura a tauraron ɗan'adam. Gamma ma haka, sai dai mafi ƙarfinsa yana barin sawu. Idan ƙwaya ɗaya ta daki iska, takan tarwatse ta haifi dubban ƙwayoyi a kamar kilomita 10 sama da ƙasa, su kuma su saki wani shuɗin walƙiya da ba ya wuce 'yan kasoshi cikin biliyan na daƙiƙa. Manyan madubai masu kyamara mai tsananin sauri suna kama wannan walƙiyar. Da wannan dabara tashar Whipple ta Arizona a Amurka ta kama gamma mai tsananin ƙarfi daga bilazar Markarian 421 a 1992, karo na farko daga wani abu da ke wajen gungunmu.

Dare biyu na ɓarkewa, kwana goma sha ɗaya na lafawa

Ɗaya daga cikin manyan tashoshin wannan aiki a Afirka take. Sunanta HESS, tana kan tudun Khomas a Namibiya, mita 1,800 sama da teku. An sa mata sunan ne don tunawa da Victor Hess, wanda ya hau balan-balan a 1912 ya gano cewa akwai ƙwayoyi masu ƙarfi da ke zubo mana daga sama. Madubinta na farko ya fara aiki a 2002, aka cika su huɗu masu faɗin mita 12 kowanne, a 2012 kuma aka ƙara babba mai mita 28.

A ƙarshen watan Yulin 2006, PKS 2155-304 ta ɓarke. A daren 28 ga wata hasken gammarta ya ninka na kullum fiye da sau goma, kuma yana hawa yana sauka a cikin 'yan mintuna. Wannan ya girgiza masana, ga dalili. Babu abin da zai canza haskensa gaba ɗaya da sauri fiye da lokacin da haske ke buƙata ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Baƙin rami mai nauyin rana biliyan ɗaya, haske kan yi sa'o'i kafin ya ratsa faɗinsa. Canjin mintuna yana nufin ko dai wurin da hasken ke fitowa ya fi ramin kansa ƙanƙanta, ko kuma feshin yana gudu fiye da yadda ake zato. Bayan kwana biyu ta sake ɓarkewa, wannan karon kuma tauraron ɗan'adam na Chandra yana kallon eksirenta. Aka ga eksire da gamma suna hawa tare suna sauka tare, ko da yake canjin gamma ya fi girma nesa ba kusa ba.

Shekara biyu bayan haka aka koma kanta da shiri. An harba tauraron Fermi mai kallon gamma a ranar 11 ga Yunin 2008. A cikin kwana goma sha ɗaya tsakanin 25 ga Agusta da 6 ga Satumba na shekarar, aka haɗa ƙarfi: HESS daga ƙasa, Fermi daga sama, taurarin RXTE da Swift a kan eksire, da wani ƙaramin madubi mai suna ATOM da ke harabar HESS a kan hasken ido. An tsara ranakun tun kafin a san halin da za a same ta. Aka same ta a lafe, eksirenta da gammarta mai ƙarfi suna kusa da mafi ƙarancin da aka taɓa aunawa, canjin duka bai wuce kamar kashi 30 cikin 100 ba.

Sakamakon ya zo da abin da ba a zata ba. Eksire da gamma mai ƙarfi, waɗanda suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa a 2006, yanzu kowa ya kama gabansa. Hasken ido ne ya koma bin gamma. Masu binciken suka rubuta a 2009 cewa bayani mafi sauƙi, na ilektiron iri ɗaya a wuri ɗaya, bai dace da yadda zangunan suka riƙa canzawa ba. Da a ce sun tsaya a kan dararen 2006 kaɗai, da sun ɗauki halin dare biyu a matsayin halin kullum.

Amfanin kallon mai shiru

Mutanen ƙasar Isa da Sabon Birni sun san gulbin Rima. Baƙon da bai taɓa ganin sa ba sai a watan Agusta ko Satumba, lokacin da Bunsuru da Gagare suka juye masa ruwansu ya tumbatsa ya shanye fadama, zai tafi da labarin ruwa mai faɗi da ƙarfi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma bai san inda ainihin kwarin gulbin yake ba, bai san mashigi ba, bai san wace gaɓa ce ke zaizayewa ba. Mai noman rani da ke tona yashi a watan Maris ya kafa injin ban-ruwa, shi ya san waɗannan. Kuma in an ce ambaliyar 2010 da ta ci gonaki a jihar Sakkwato ta yi muni, da cikar sauran shekaru aka gwada ta. Haka lamarin bilaza yake. Ɓarkewa ita ke jan hankali, ita ke sa a tashi masana da tsakar dare a juya madubai, amma yawancin kwanakin bilaza a lafe take yin su.

Akwai wata karkata da ke shiga ilimi ta wannan ƙofa, kuma ya kamata ɗalibi ya gane ta, domin ba a ilimin taurari kaɗai take ba. Bilazojin da aka kama da gamma mai tsananin ƙarfi daga ƙasa ba su kai ɗari ba, kuma da yawansu an kama su ne a lokacin da suka ɓarke, saboda a lokacin ne suke da hasken da na'ura za ta ji cikin sauƙi. Wanda ya tara waɗannan alƙaluma ya ce ga matsakaicin hasken bilaza, ya kambama shi. Kuskuren ba ya tsayawa nan. Akwai wani dusashen hasken gamma da ya lulluɓe sama ko'ina, kuma ana son sanin kaso nawa ne na bilazoji a ciki. Lissafin yana buƙatar haskensu na kullum.

Sannan akwai abin da ba ya fitowa sai feshin ya yi sanyi. Ana auna nisan gungu ne ta wasu layuka da taurarinsa ke bari a cikin haskensu. Hasken feshi ba shi da waɗannan layuka, kuma idan ya yi ƙarfi yakan binne na taurarin. Masu auna nisan BL Lacertae a 1974, Oke da Gunn, sai da suka toshe tsakiyarta kafin suka ga hasken gungun da ke kewaye. Har gobe akwai bilazoji masu yawa da ba a san nisansu ba, kuma masana kan jira su dushe sannan su juya musu babban madubi. In ba a san nisa ba, ba a san ainihin ƙarfin hasken ba.

Tambaya mafi zurfi ita ce ko ɓarkewa da lafawa daga wuri ɗaya suke fitowa a cikin feshin. Mai yiwuwa hasken kullum daga wani yanki mai faɗi yake, ɓarkewa kuma daga wani ɗan ƙulli mai gudu da ya taso na ɗan lokaci ya hau kansa. In haka ne, duk wanda zai fahimci ƙullin sai ya cire hasken kullum daga lissafi, kuma ba zai iya cire abin da bai auna ba. Saboda wannan, a 2009 aka shafe wata huɗu da rabi, daga Janairu zuwa farkon Yuni, ana bin Markarian 421 da tashoshi masu yawa daga rediyo har gamma, ita kuma ba ta yi wata ɓarkewa ba a tsawon lokacin. Zanen tudu biyun da aka samu ya zama ma'aunin da ake gwada ɓarkewarta da shi.

A ganina, mafi darajar aiki a wannan fanni shi ne wanda ba ya shiga labarai. Madubin rediyo mai faɗin mita 40 da ke Owens Valley a Kalifoniya, tun 2008 yake zagaya bilazoji fiye da dubu kamar sau biyu a mako, ko sun motsa ko ba su motsa ba. Bilazar OJ 287 kuwa tana cikin tsofaffin hotunan sama da aka ɗauka a kan gilashi tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ba wanda ya san da ita. Daga waɗannan hotuna aka gane tana ɓarkewa kusan kowace shekara 12. Waɗanda suka ɗauki hotunan sun rasu ba su san abin da suka ajiye ba, sun dai rubuta kwanan wata da sa'a a kan kowanne.

Wahalarsa, da rabonmu a ciki

Kallon bilaza a lafe ya fi tsada. Abin da za a kama cikin minti goma lokacin ɓarkewa yana iya cin darare da yawa. Madubai irin na HESS kuma suna son dare mai duhu ba gajimare, abin da ba ya wuce kamar sa'a 1,000 a shekara, ga masu nema da yawa. Sai an shawo kan kwamitoci a ƙasashe daban-daban su ba da sa'o'i iri ɗaya domin abin da ake sa ran ba zai yi wani abin mamaki ba. Fermi ya rage wannan wahala, domin yana share sama gaba ɗaya a kai a kai.

Samanmu na Gobir yana da duhu mai kyau, amma hazon hunturu da gajimaren damina suna cinye watanni da yawa, shi ya sa manyan maduban hasken ido suka tafi tsaunukan Namibiya da Afirka ta Kudu. Ƙura ba ta damun igiyar rediyo. Gana ta mayar da wani tsohon faifan sadarwa mai mita 32 da ke Kuntunse ya zama madubin rediyo a 2017, Afirka ta Kudu kuma ta buɗe MeerKAT mai faifai 64 a 2018. Najeriya ba baƙuwa ba ce a fannin. Farfesa Samuel Okoye ya yi karatun taurari ta rediyo a Kambirij tare da Antony Hewish a shekarun 1960, ya dawo ya kafa wannan ilimi a Jami'ar Nsukka, garin da cibiyar binciken kimiyyar sararin samaniya ta hukumar NASRDA take a yau. Bayanan Fermi da na Swift a buɗe suke a intanet kyauta, saboda haka ɗan Gatawa da ya yi karatun fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, in yana da kwamfuta da malamin da zai nuna masa hanya, zai iya sauke ma'aunin PKS 2155-304 na shekaru ya yi nazarinsa.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya bambanta bilaza da sauran gungunan taurari masu feshi?

2. Don me ake harba na'urar eksire sama, alhali ta rediyo tana zaune a ƙasa?

3. Ku faɗi da bakinku abin da aka gani a Yulin 2006 da wanda aka gani a Agustan 2008. Wane zango ne ya bi gamma a kowanne?

4. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. In wani abu ya canza haskensa cikin minti 5, kilomita nawa haske ke ci a wannan lokaci? Ku gwada amsarku da nisan rana, kilomita miliyan 150.

5. Ku kasu gida uku. Kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya da za ta auna kullum a sa'a ɗaya har kwana 30: zurfin ruwan rijiya da guga da igiya, ko farashin tiyar gero, ko tsawon inuwar sanda da azahar. Ku rubuta har ranar da ba abin da ya canza. A ƙarshen wata ku fitar da matsakaici na kwana 30 ɗin, ku sake fitar da na kwana uku mafiya girma kaɗai, ku kawo alƙaluman biyu aji.